Sandar Malam Halliru

Babu wata na'ura da aka taɓa kawowa teburin Mujeeb Issifu da sauran numfashi ta mutu a hannunsa. Wannan magana ce tabbatacciya a unguwar Satwa ta birnin Dubai, domin a rubuce take a allon shagonsa da harsuna uku, kuma shi ya rubuta ta da kansa.

A ƙarƙashin allon nan Kamila take tsaye wata Asabar ta shekarar 2012, ta dafe ƙirji da hannu biyu.

"Malam Mujeeb, ka tabbata?"

"Hajiya Kamila, minti uku ne. Sha shayinki."

"Ba shayi na zo sha ba..."

A kan teburin akwai wata tsohuwar na'urar wasan gem ruwan toka, mai kauri kamar sabulun wanki, da ɗan gilashinta kore-kore. Ya kwance murfin kaset ɗin wasan, ya soka shi tsirara a bayanta, ya kunna. Sau uku yana yi mata bayani: a cikin kaset akwai ɗan batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe da ajiya, wato inda mai wasa ya tsaya. Ya kusa shekara ashirin, kwanansa ya kusa ƙarewa. In aka cire shi na'ura tana kashe, komai ya goge. In aka cire tana kunne, manyan batura huɗun za su riƙe ajiyar kafin a liƙa sabo.

"Kamar a sauya wa mutum zuciya yana tsakar hira," in ji shi.

Ya ɗora ƙarfen liƙi. Hayaƙin dalma ya tashi. Ya ɗago tsohon batir ɗin da matsefata, ya nuna mata yana murmushi irin na likitan da ya san ana kallonsa.

Sai ɗan jan ɗigon wutar da ke gefen gilashin ya dusashe.

Kiɗan wasan ya ja kamar mai hamma. Gilashin ya ɗauke.

Babu abin da ake ji sai keken ɗinkin telan da ke maƙwabtaka da shi.

"Me ya faru?"

"Baturan nan... a ina kika samo su?"

"Sababbi ne. Yau da safe na sa."

Ya ƙarasa liƙin, ya zuba nasa baturan, ya kunna. Gurbin ajiya biyu ne a wasan. Duka biyun fanko.

Kamila ba ta yi kuka ba. Ta zuba wa gilashin ido, leɓenta ya motsa.

"Baba..."

Da a nan Mujeeb ya ce ya yi kuskure, da labarin ya yi gajere. Yana da na'urar gwada batir a aljihun teburinsa, bai taɓa ta ba, don yana sauri ya burge. Amma mutumin da ya rubuta allo da harsuna uku ba ya iya cewa "na yi kuskure" ko da harshe ɗaya.

"Bai mutu ba," ya ce. "Suma ya yi. Ba ni sati biyu. Akwai wani ɗan Filifin a Deira mai injin janyo abin da ya goge."

"Ka rantse?"

"Karanta allon."

Ta bar masa na'urar ta fita, ba ta lura bai rantse ba.

* * *

Mahaifinta, Malam Halliru, malamin lissafi ne a wata sakandare a Kano. A Jidda ya sayo na'urar shekarar da ya sauke farali, ya ce tsarabar yara ce. Yara kuwa ba su taɓa riƙe ta ba sai in ya tashi alwala.

Wasan bai da yawa: wani saurayi ne da ya fita neman ƙofar da ke ƙasan wata rijiya, da yarinya mai fitila tana biye da shi. Yana sara, yana tara ƙarfi, yana sayen makamai ƙauye-ƙauye. Malam ya sa wa saurayin HALI, yarinyar KAMI, don harafi huɗu kawai wasan ke karɓa. Rubutun Turanci ne, shi kuwa yana fassara mata yadda ya ga dama, har dattijon ƙauyen farko ya koma magana sak mai unguwarsu. Shekara uku suna tafiyar nan, Asabar da Lahadi, tana leƙe ta kafaɗarsa.

Ranar da suka isa ƙofar ya ajiye wasan ya kashe.

"Sai kin ci jarrabawar shiga sakandare mu buɗe tare."

Zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke shi kafin sakamakon jarrabawar ya fito.

Shekara goma sha biyar ke nan ba ta buɗe ƙofar ba. A gurbi na biyu take nata wasan, in ta isa bakin ƙofar ta goge ta sake daga farko. Gurbi na farko kuwa sai dai ta buɗe ta duba: HALI da KAMI suna tsaye, ƙarfi arba'in da ɗaya, fitila na ci.

A jirgin metro mutane na kallonta, kowa da wayarsa mai sheƙi, ita da sabulun wankinta. Ba ta damu ba. Launi huɗu ne kacal a gilashin, duka kore, amma a cikinsu akwai duniyar da in ka yi wahala ƙarfinka zai ƙaru, kuma babu mai ƙwace maka shi in biza ta ƙare.

Wata biyar da suka wuce maɓalli ɗaya ya maƙale. Shago uku a Deira suka yi mata dariya. A na huɗu, a Satwa, tsakanin tela da mai sayar da shayin karak, mai shagon miƙewa tsaye ya yi.

"Chale... irin wannan ɗan mai gidanmu yake da ita a Zangon Kumasi. Shekara biyu ina kallo, bai taɓa bari na taɓa ba."

Sai ya fara rera kiɗan ƙauyen farko da hanci, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba.

Daga ranar maɓallin ya kamu da wata irin cuta: duk Asabar sai ya maƙale.

* * *

A fulat ɗinsu na International City, Baffa Badaru, ƙanen mahaifinta kuma mai kamfanin jigilar kayan da take yi wa aiki, ya kira ta falo bayan la'asar. Matarsa Hajiya Barira tana gefe tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa.

"Kamila, bizarki saura wata biyu."

"Na sani, Baffa."

"Ni ba mai yi miki dole ba ne. Shekararki ashirin da bakwai, kin yi digiri. Amma ba zan sabunta takarda don ki riƙa zarya Satwa ba. Ko dai maganar Alhaji Musbahu, ko ki koma Kano wajen mahaifiyarki ki yi tunani."

"Akwai na uku, Baffa."

"Mai gyaran waya? Ɗan Zango? Wa ya san asalinsa?"

"Kakan kakansa daga Bebeji ya tafi Gwanja fataucin goro."

"To kin ji. Mutumin da aka aika goro shekara ɗari bai dawo ba."

Hajiya Barira ta ƙunshe dariya a cikin shinkafa.

Alhaji Musbahu ɗan kasuwa ne mai loda kwantena daga katafariyar kasuwar 'yan Sin da ke bayan gidansu zuwa Kano: tocila, rediyo, caja, batura. Aƙidarsa ita ce duk abin da ya haura shekara biyu shara ne, kuma kayansa suna bakin ƙoƙarinsu wajen gaskata shi. Ya taɓa kawo mata sabuwar kwamfutar hannu don ta yar da tsohuwar, ta ba Hajiya tana jin karatu da ita. Ranar Juma'ar da ta gabaci aikin, bayan Hajiya ta yi suɓul-da-baka ta faɗa masa abin da za a yi, shi ya miƙo mata kwalin batura.

"Ga abincin tsohuwarki. Masu ƙarfi ne, na musamman."

Ta karɓa don kunya.

"Baffa," ta ce yanzu, "ka ba ni wata biyun nan cif. Ranar da suka cika zan kawo maka amsa da ƙafata."

"Kafiya dai irin ta ubanki."

"Na gode, Baffa."

* * *

Sati biyun nan Mujeeb ya yi wuyar samu. In ta kira sai ya ce, "Shwaiya, ɗan jira kaɗan, habibti, ɗan Filifin yana kan aiki." Ranar da suka cika ta tarar da wayoyin mutane jibge a teburinsa ba a taɓa ba, idanunsa jajur, babban yatsansa na hagu naɗe da filasta.

"Me ya sami hannunka?"

"Ƙarfen liƙi. Zauna, 'yar Kano. Yalla, kunna."

Ta kunna.

HALI. KAMI. Ƙasan rijiya. Ƙarfi arba'in da ɗaya. Fitila na ci.

Hawayen da ta hana fita sati biyu suka taho gaba ɗaya.

"Mujeeb... ka dawo min da shi..."

"Na faɗa miki."

Tana dariya tana share ido ta danna jakar saurayin, yadda ta saba. Takobi. Garkuwa. Magani uku. Mabuɗi.

Ta sake dubawa daga sama.

Dariyar ta tsaya.

"Ina sandar?"

"Wace sanda?"

"Sandar da ake fara wasan da ita."

"Ai wannan ba ta da amfani. A ƙauyen farko kowa ke sayar da..."

Ya katse maganar, amma ya makara.

Wata biyar tana ba shi labarin ajiyar nan, ƙauye-ƙauye, har adadin magungunan. Abu ɗaya ne ba ta faɗa ba, don ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Malam Halliru ya ɗauki sandar nan tun daga ƙofar gida har ƙasan rijiya, tana cin gurbi a jaka a banza. In ta ce ya sayar sai ya ce, "Kami, mutum ba ya sayar da abin da ya fara tafiya da shi."

"Babu wani ɗan Filifin, ko?"

"Babu."

"Kai ka buga."

"Awa talatin da huɗu."

"Ka sa sunan mahaifina da hannunka."

"Kamila, na ga fuskarki ranar nan. Na kasa..."

"Ka kasa cewa ka yi kuskure." Muryarta ba ta ɗaga ba. "Na farko ƙaddara ce, da na yafe maka kafin in kai tashar bas. Wannan fa? So ka yi in zauna da baƙo ina kiransa Baba har in mutu?"

"Don ina sonki ne."

"Don kana son allonka ne."

Ta ɗauki na'urar ta jefa a jaka. Ya biyo ta har bakin ƙofa.

"Kami..."

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan."

* * *

Kwana biyar ba ta kunna ba, ba ta kuma ɗaga wayarsa ba. Ba ta faɗa wa kowa komai ba. Ta je ofis, ta rubuta sunayen masu kaya a jikin kwali, ta dawo.

Ranar Alhamis Musbahu ya zo gaida Baffa, ƙamshin turarensa ya riga shi hawa bene. Tana ajiye masa lemo ya gyara zama.

"Hajiya Kamila, ashe tsohuwa ta rasu? Allah Ya ba da haƙuri. Na ce miki abin da ya tsufa..."

"Wa ya faɗa maka, Alhaji?"

"Ai... labari ba ya ɓuya."

"Mutum biyu suka sani. Ɗaya ba ya magana da kai, ɗayar kuma ni ce."

"To ai batir ba shi da tabbas, kowa ya sani."

"Ban ce batir ba ne."

Baffa Badaru ya sauke wayarsa daga kunne. "Wane batir?"

Ta shiga ɗaki ta fito da ragowar kwalin, ta faɗi abin da ya faru a Satwa tiryan-tiryan, har ƙaryar Mujeeb ba ta rage ba. Baffa ya juya kwalin a hannunsa.

"Irin waɗannan ka ba ni na sa a na'urar awon jinina?"

"Shi ya sa shekaranjiya ta ce jininka sittin," in ji Hajiya Barira. "Har na fara tunanin wa zan kira a Kano."

"Alhaji, waɗancan daban ne, waɗannan rijet ne da..."

"Au, ka san rijet ne, waɗanda kamfani ya yar."

Ko makirci ne tsantsa, ko kuwa iyakar ingancin kayansa ke nan, Musbahu bai tsaya an tantance ba. Ya tuna yana da kwantena a tashar ruwa. Lemonsa ko buɗewa bai yi ba.

Baffa ya ajiye kwalin.

"Ajiyar Yaya Halliru ce ta goge?"

"Ita ce."

"Ni na raka shi ya sayi abin nan a Jidda. Tun daga shagon har masauki ina yi masa dariya." Ya murza ido. "Wannan bai wanke ɗan Zangonki ba fa. Maƙaryaci ne."

"Na sani, Baffa. Shi ya sa zan je in gyara shi."

A ɗaki ta kunna na'urar karo na farko. Baƙon HALI yana nan tsaye a bakin ƙofa. Awa talatin da huɗu ya yi tafiya da yatsa mai ciwo, ya isa inda duk mai wasa ke ɗokin isa, mabuɗi na jakarsa, mutumin da ya yi shekara biyu yana leƙen wasan nan ta kafaɗar wani.

Kuma bai buɗe ba.

Ta daɗe tana kallon wannan.

* * *

Asabar da hantsi ta sauka a Satwa. Saman ƙofar shagon babu komai sai ramukan ƙusa huɗu. Allon yana jingine a bango, ya juya wa titi baya.

Mujeeb ya miƙe har yana ture kujera.

"Hajiya Kamila."

"Ina allon?"

"Ya yi ritaya."

"Me ya sa ba ka buɗe ƙofar ba?"

"Ba tawa ba ce."

Ta ajiye na'urar a tebur, ta ja kujera ta zauna kamar mai shirin ciniki.

"Sharaɗi uku. In ka ƙi ɗaya, khalas, shi ke nan, Kano zan koma, ba kuma don Musbahu ba."

"Na yarda."

"Ba ka ji ba tukuna. Na farko, goge wannan. Da hannunka."

Ya ɗauka. Yatsan mai filasta ya yi jim a kan maɓallin, sannan ya danna. Awa talatin da huɗu suka tafi cikin ƙiftawar ido.

"Gurbin farko na Baba ne. Haka zai zauna fanko. Abin da ya mutu ya mutu, Mujeeb. Na gwammace in ga wurinsa babu kowa."

"Na ji."

"Na biyu, Juma'a bayan masallaci za ka je wajen Baffa, ka faɗa masa abin da ka yi da bakinka. Ya riga ya sani. So nake ya ji ko za ka rage."

"Na uku fa?"

"Sai ka dawo da rai."

Ya je. Ya durƙusa a kan kafet ɗin Baffa da jallabiyar da telan maƙwabcinsa ya kwana biyu yana gyara wa wuya, ya faɗi komai, har da na'urar gwajin da ke aljihun tebur, wadda Kamila ma ba ta san da ita ba.

"Wato ka kashe mata abin da ta fi so, ka kuma yi mata ƙarya," in ji Baffa.

"Haka ne, Baba."

"Shi ne ka zo in ba ka ita."

"Haka ne, Baba."

"Me kake da shi?"

"Shago rabin ɗaki, da hannu biyu. Da allo, in akwai mai so."

Baffa ya dubi Hajiya Barira. Hajiya ta dubi silin.

"Shekara ashirin ina kasuwa a garin nan," ya ce, "ban taɓa ganin wanda ya hau bas biyu don ya zo ya faɗi laifinsa ba. Yaya Halliru har ya rasu bai sayar da keken da ya fara zuwa aiki da shi ba. Da yana nan, da ya so ka, don shi ma ba ya jin magana." Ya numfasa. "Ka turo manyanka. Kuma in sun taho su taho da goron nan, an daɗe ana jira."

"Medaase... na gode, Baba. Na gode."

Saura kwana tara bizar ta cika aka ɗaura aure a Kano, waliyyai suka karɓa, ango da amarya suna Dubai suna jin fatiha ta waya. Musbahu ya aiko da agogon bango. Agogon ya yi kwana shida yana aiki.

* * *

Ranar Asabar ta farko bayan biki, a ɗan ɗakin da suka kama a bayan shagon, Kamila ta miƙa masa na'urar. Baturan ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a gabanta, sau biyu.

"Saura sharaɗi na uku," ta ce.

"Ina ji, amarya."

"Gurbi na biyu. Sa sunanmu."

Ya rubuta MUJI. Ya ɗago ya dube ta.

"Rubuta mana," ta ce a hankali. "Na yarda."

Ya rubuta KAMI.

"Za ka kai ni ƙofar nan, mu buɗe tare. Shekara goma sha biyar ina son in san abin da ke bayanta."

"Wannan ai sati biyu ne. Na san hanya yanzu. Kuma sandar ba zan sayar ba, wallahi, ko an sa min wuƙa."

"Ba za ka sayar ba. Da ita za ka yi faɗan."

"Har ina?"

"Har ƙasan rijiya. Ba takobi."

"Habibti... sandar nan ko kwaɗon dajin farko sai an yi masa bugu tara. Wannan aikin wata shida ne. Baba ma ai da takobi ya je."

Ta gyara zama, ta ɗora haɓarta a kafaɗarsa, daidai inda ake ganin gilashin sosai.

"Baba bai rubuta allo ba."

Mujeeb ya gyara filastar yatsansa.

Kafin a kira azahar kwaɗon ya kashe shi sau huɗu. Ya danna maɓalli, saurayin ya sake fitowa daga ƙofar gida da sandarsa, yarinya mai fitila tana biye.